Saƙar Bahago

Tun ranar da Abba ya ce a'a, Auta ta daina jin abubuwa.

Ba wai ta kwanta ciwo ba ne, ko ta yi yajin cin abinci kamar yadda 'yan mata suke yi idan suna son a lallashe su. Tana ci, tana tafiya asibitin da take aikin jinya, tana dawowa ta gaida kowa. Sai dai ko an sa gishiri a miya ko an manta, duk ɗaya ne a bakinta. Mutanen gidan kuwa da suka ga haka, sai suka ce Auta ta yi hankali.

Labarin ba shi da wani tsawo. An tura ta aikin shekara guda a wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsu, garin da baƙi suke zuwa kallon magangarar ruwansa da sayen kwandunan mutanensa. Ta tafi da akwati ɗaya, ta dawo da akwati ɗaya da kuma maganar wani masaƙin kwando da ake kira Bahago. Abba bai ma bari ta kai ƙarshen zancen ba.

"Mutanen dutse? Ba mu san asalinsu ba, ba su san namu ba. Ki yi mini alkawari kin rabu da shi, kuma ba za ki ajiye komai nasa a gidan nan ba."

A ranar ita ta auna masa jini da hannunta, ta ga inda ya hau. Don haka ta yi alkawarin.

Ta goge lambarsa a gabansu. Ta miƙa wa Umma hotuna, Umma ta kai su murhu. Abu ɗaya ne ya tsira, wani siririn awarwaro na saƙar ciyawa da ke tsintsiyar hannunta na dama. Da Umma ta tambaya, cewa ta yi a rumfunan garin ta saya, kowane baƙo yana saye. A ranta kuma ta ce ai ciyawa ce, ciyawa ba ta kowa ba ce.

Daga nan sai ga Manaja ya fito neman aurenta. Ɗan aminiyar Umma ne, shi ke riƙe da wani kamfanin yin katifa, kuma babban laifinsa shi ne ba shi da laifi. Ba ya ɗaga murya, ba ya makara, yana gaida Abba a durƙushe. Gwaggo, ƙanwar Abba da ke zaune da su, ita ta yanke hukunci tun zuwansa na farko.

"Auta, ki riƙe wannan. Ko ba komai dai ba za ki taɓa kwana a ƙasa ba."

Auta ta yi dariya don ta ga ana dariya. Da aka tambaye ta ko ta amince, ta ce to. Da za a tambaye ta ko a fasa, nan ma to ɗin za ta ce.

Ana gab da sa rana Manaja ya shigo falon da fara'arsa, ya ce ya zo da albishir.

"Umma, na lura Auta ba ta da walwala kwana biyu. Na ji an ce tana son garin nan da ta yi aiki, mai magangarar ruwa. Na shirya mu je mu wuni ranar hutu, in kun ba da izini."

Kofin shayin da ke hannun Umma ya tsaya a hanya. An ɓoye wa dangin Manaja maganar Bahago kamar yadda ake ɓoye yagaggiyar tabarma a ƙarƙashin gado idan baƙi za su zo, yanzu kuma ga shi da kansa ya ɗaga gado. In ta hana, sai ya tambayi dalili. Ta haɗiye shayin da ƙyar.

"Ai kuwa ka kyauta. Ni ma zan bi ku, na daɗe ban sha iska ba."

"Da ni za a," in ji Gwaggo. "Ba za a je kallon ruwa a bar ni da kallon bango ba."

Da safiyar tafiyar Umma ta shigo ɗakin Auta ta turo ƙofa.

"Ki saurare ni da kyau. In kin gan shi, ba ki gan shi ba. In ya yi magana, ba ki ji ba. Ubanki bai san garin da za mu ba, ce masa na yi wurin shaƙatawa ne. Kada ki jawo mana abin kunya a gaban yaron nan."

"To, Umma."

"Kullum to! Ni wannan to ɗin taki ta fara ba ni tsoro."

Auta ta ja hannun rigarta ta rufe awarwaron. Ta laluba cikin ranta ko za ta sami fargaba, ko ɗoki, ko da haushi ne. Ba ta sami komai ba, sai ta ɗauki jakarta.

* * *

Garin yana nan yadda ta bar shi. Titi ɗaya, shagon mai gyaran babur, ƙaramin asibitin da tagarsa ta baya har yanzu kwali ne a madadin gilashi. Ta kalli tagar daga cikin mota kamar tagar wasu.

Ɗan jagora ya fara kai su ɗakin tarihi, wani dogon ɗaki mai warin tsohon itace. Ya nuna musu tukwanen da aka tono a gindin dutsen, da kwandunan da suka girmi kakan kowa, da bango guda cur da aka jera sunayen kakanni a kai, uba bayan uba. Ya ce mutanen garin sun riga kowa zama a wannan yanki, da harshensu da sana'arsu.

Gwaggo ta matso kusa da kunnen Umma, amma raɗar Gwaggo ko kurma ya ji ta.

"Yo ashe suna da asali. Har sun yi masa ɗaki."

Umma ta mintsine ta. Manaja yana can yana ɗaukar hoton tukwane, bai ji ba.

Tun kafin a ga ruwan ake jin rurinsa. Suka bi siririyar hanya tsakanin itatuwa, sai ga shi yana zubowa daga saman dutse fari fat, feshinsa yana tashi ya jiƙa fuskar mutum tun daga nesa. Ranar da Auta ta fara ganinsa sai da ta zauna a ƙasa don mamaki. Yau kuwa ta kalle shi sama da ƙasa, ta ga ruwa ne yake faɗowa, ba shi da wani aiki sai faɗowa.

"Yi murmushi mana," in ji Manaja, ya ɗaga waya.

Ta yi.

"Kin ji daɗi kuwa?"

"Na ji. Na gode."

Rumfunan masaƙa suna jere ne a bakin hanyar komawa, dab da ruwan, domin ciyawar da suke saƙa da ita ba ta lanƙwasuwa sai da danshi. In ta bushe a hannu karyewa take yi. Shi ya sa suke aiki a cikin feshin, tufafinsu kullum a jiƙe. Umma ta waiga hagu da dama tana neman wata hanyar, amma hanya ɗaya ce. Ta kama gefen mayafin Auta ta ƙara sauri.

Sun kusa wuce rumfar farko, wadda ta fi kusa da ruwan, sai Manaja ya tsaya cak. Auta ta san rumfar. Ta san ƙusar da ake rataye wuƙa, ta san kujerar da ƙafarta ɗaya ta gaza sai an sa mata dutse.

"Tsaya, Auta. Wannan abin hannun naki ya tsufa. Bari in sake miki sabo."

"Ka bar shi, rana tana yi," in ji Umma da sauri.

"Haba Umma, ai ba a zuwa a koma hannu biyu."

Tsohuwar da ke rumfar, wadda kowa a garin yake kira Iya, ita ce mahaifiyar Bahago. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga inuwar mutum, don haka da yatsu take gane komai. Auta ta sha ɗiga mata magani a idon nan. Ta ja mayafi ta tsuke bakinta, don ta san muryarta kaɗai za ta tona ta.

"Kawo hannun in ji girmansa, 'yata," in ji Iya.

Manaja yana tsaye yana murmushi. Babu yadda za ta yi, ta miƙa.

Yatsun tsohuwar suka zagaye tsintsiyar hannun, suka ci karo da awarwaron, suka tsaya. Suka bi shi a hankali, suka sake bi. Fuskar Iya ta washe.

"Kai! Wannan ai saƙar ɗana ce. Kun ji yadda ta kwanta ta hagu? Duk garin nan shi kaɗai yake saƙa haka, da hagu yake aiki."

"A nan ta saya," Umma ta yi caraf. "Ta taɓa zuwa."

Iya ta ƙyalƙyale da dariya irin ta wanda aka taɓo masa abin da ya fi sani.

"Saya? Hajiya, ai ba a sayen wannan. Duba na sayarwa, ga su nan, kowanne da maɗaurinsa, a sa a cire. Wannan fa? Laluba ki ji, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. A jikin hannun ake saƙa shi. Sai mai hannun ta zauna tun hantsi har rana ta karkata, hannunta a gaban masaƙi, ba ta motsa ba. Wa zai yi wa baƙo wannan wahalar? Ni kaina sau ɗaya aka taɓa yi mini, uban yaron ne ya yi."

Babu wanda ya ce uffan. Iya kuwa ta ɗauka sha'awar aikin ce ta kashe musu baki, sai ta ƙara himma.

"Kuma ku ji laushinsa, kamar jiya aka gama. Ciyawar nan in ta bar bakin ruwa, ba ta shekara sai ta bushe ta karye, sai fa in kullum ana shafa mata mai. Kullum, ba fashi. Yarinyar nan ta iya riƙon abu, Allah Ya yi miki albarka." Ta juya ta ɗaga murya. "Bahago! Fito ka ga aikinka ya dawo gida!"

Gwaggo, wadda ba a taɓa jin ta rasa abin faɗa ba, sai cewa ta yi, "To fa."

Ya fito daga bayan rumfar da damin ciyawa a kafaɗa, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya rame, ya bar gemu. Da ya gan ta bai yar da damin ba, a hankali ya sauke shi ya jingine, kamar mai gudun tada mai barci. Sannan ya durƙusa ya gaida Umma.

Umma ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta yana kan Auta.

"A rumfa kika saya, ko?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Tun hantsi har rana ta karkata! Da hannunki a gaban namiji! Kika dawo kika kalli idon ubanki kika yi masa alkawari, alhali kullum kina shafa wa abin nan mai a cikin gidansa?" Ta waiga cikin rumfar. "A ba ni wuƙa."

Sai a lokacin murmushin Iya ya gushe. Ta saki hannun a hankali.

"'Yar Asibiti? Ke ce? Wayyo ni, bakina ya yi ɓarna."

"Ba komai, Iya," in ji Auta. Ita ce maganarta ta farko a rumfar, kuma da gaske take, ba ta ji komai ɗin ba.

Umma ta fizgo wuƙar daga jikin ƙusa ta kama hannun. Amma awarwaron ya kwanta lif a kan fata, daidai inda jijiya take bugawa, babu inda bakin wuƙa zai shiga. Ta gwada ta sama, ta gwada ta ƙasa, ya ƙi. Auta tana kallon wuƙar kamar a hannun wata ake ƙoƙarin sa ta.

"Hajiya, za ki yanke ta," in ji Bahago, kansa a ƙasa.

"Kai kuma wa ya sa da kai?"

"Umma, ajiye wuƙar."

Manaja ne. Fara'ar nan tasa ta tafi, fuskarsa ta koma ta wani mutum da Auta ba ta taɓa gani ba. Ya karɓi wuƙar da ladabi ya mayar jikin ƙusa, sannan ya dubi Bahago.

"Malam, yaya ake cire shi?"

"Warwarewa ake yi, sili-sili. Kuma sai a cikin feshin ruwa, in ba haka ba ya ƙi."

"Zai daɗe?"

"Zai ɗan daɗe."

"To, warware."

"A gabana?" in ji Umma. "Ya sake zama da ita?"

"A gabanmu duka, Umma. Ga benci can, muna ganinsu. Ai gara a cire shi a nan da a koma da shi gida."

* * *

Akwai wani faffaɗan dutse a gefen ruwan inda masaƙa suke jiƙa ciyawa. Auta ta zauna ta kafa gwiwar hannunta a kai, hannun a tsaye. Bahago ya zauna ta ɗaya gefen, ya zaro basilla daga aljihu. Daga benci ana ganinsu sarai, amma rurin ruwan ya haɗiye duk abin da za su faɗa.

Ya soka bakin basillar ya zaro silin farko. Ko sau ɗaya yatsansa bai taɓa fatarta ba.

"Kin rame, 'Yar Asibiti."

"Kai ma."

"Shi ne?"

"Shi ne."

"Yana da kirki?"

"Yana da shi."

"Na gani." Ya ja silin ya ajiye a kan dutse. "Da ma mugu ne, da na sami abin riƙewa."

Ta kalli yatsunsa suna aiki ta hagu. Ta tuna ranar da ya saƙa shi, a kan wannan dutsen, yana ba ta labarin kakarsa har ta yi dariya hannun ya motsa, ya ce sai an sake layi guda. Ta tuna komai tsaf, har kalar rigarsa. Amma tunawar ba ta taɓa ta ba.

"Ka yi aure?"

"An kawo mini magana. Na ce ina da aiki a hannu."

"Ka yi, Bahago. Kada ka jira ni."

"Ban ce ina jiranki ba. Kawai dai ban iya ba ne." Ya goge fuska da kafaɗa, kuma ba feshin ruwa yake gogewa ba. "Na je garinku, kin sani? Na tsaya a ƙofar asibitinku har kika fito. Kika wuce ta gabana, kusa kamar yadda muke yanzu. Idonki a buɗe, amma ba kya ganin kowa. Na ce wannan ba ita ba ce, na koma tasha."

"Ban gan ka ba."

"Na sani."

"Ba na ganin komai yanzu. Ba na jin komai. Ranar da aka ƙona hotunanka ina tsaye, na ce yanzu zan yi kuka, kukan bai zo ba. Har yau bai zo ba. Ga ka nan kana kuka a gabana, ni kuma ina lura basillarka ta fara tsatsa."

Ya yi wata 'yar dariya da hawaye a ciki.

"To me ya sa kike shafa masa mai?"

Ta dubi awarwaron.

"Ban sani ba. In na wanke fuska da safe, sai in ga hannuna ya riga ya yi."

Silin ciyawa suka yi ta taruwa a kan dutsen. Inda saƙar ta tashi, fatar da ke ƙasa ta fito fara sol, siririn zobe da rana ba ta taɓa gani ba. Iska mai sanyi ta taɓa wurin.

"Ban ga laifin mahaifinki ba," in ji shi. "Bai san ni ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai yarda ya gan ni ba, ko sau ɗaya, ko don ya kore ni da bakinsa."

"Jininsa ne. Ni na auna shi ranar. In wani abu ya same shi ta dalilina, ina zan sa kaina?"

"Shi ya sa ban kira ki ba. Ba zan ce ki zaɓe ni ki bar ubanki ba, ni ma da uwa a gabana. Amma ki faɗa mini abu ɗaya, don in san abin da zan gaya wa zuciyata. Ke kika ce kina son mutumin can, ko ce miki aka yi?"

"Tambayata aka yi, na ce to."

"To ba amsa ba ce."

"Ita kaɗai ta rage mini."

Ya ci gaba da warwara. Rana ta matsa, inuwar dutsen ta iso ƙafafunsu. Can a benci Gwaggo tana yi wa Umma fifita da gefen mayafi, Manaja kuma ya haɗa hannuwa yana kallon ƙasa.

Daga ƙarshe Bahago ya mayar da basillar aljihu. Sili ɗaya ne ya rage, ya zagaye hannun, bakinsa biyu suna reto.

"Na gama nawa."

"Ga saura."

"Wannan uwar saƙa ce, a kanta ake ɗora komai. Ba ni na sa ta ba. Ke kika naɗa ta da hannunki ranar, kika riƙe mini kafin in fara, kin manta? Ba ta da ƙulli, saƙar ce take riƙe da ita. Yanzu kina sauke hannunki za ta zame ta faɗi da kanta."

Ya tattara silin da ya warware, ya miƙe ya ja da baya.

Auta ta zauna da hannu a tsaye kamar ɗalibar da ta ɗaga hannu a aji aka manta da ita. Abin da ake nema a wurinta bai kai komai ba. Ba sai ta yanka ba, ba sai ta ja ba. Ta sauke hannu kawai, yadda kowa yake sauke hannunsa.

"Auta!" Umma ta taso, muryarta ta keto rurin ruwan. "An gama ai. Taso mu tafi!"

Manaja ya riga ta isowa. Ya tsaya a inda feshin yake jiƙa masa takalmi, ya dubi farin zoben da ke fatarta, ya dubi silin.

"Abin da na ji yau ba zai fita daga bakina ba," ya ce. "In kin sauke hannun, mu tafi gida, ba zan taɓa tayar miki da maganar ba har abada. Ina sonki, Auta, ba da wasa na zo ba. Amma na gaji da to. Na ɗauka kunya ce, ashe ba kya nan ne. Ba na son a kawo mini ke gida kamar yadda ake kai wa mutane katifa."

Kafaɗarta ta fara tsami. Hannun ya ɗan sunkuya, silin ya zame kaɗan, ya sauka daga kan farin zoben.

Sai gabanta ya faɗi.

Faɗuwa ta gaske, irin wadda take tsinka ciki, wadda rabonta da ita tun ranar da ta auna jinin Abba. Kafin ta yi tunani ta kai bakinta, ta cafke bakin silin ɗaya da haƙori, ta kama ɗayan da hannun hagu, ta ƙulla. Ta sake ƙullawa. Mummunan ƙulli ne, duk masaƙin da ya gani sai ya kau da kai, amma ya kama.

Sannan ta sauke hannun. Silin bai faɗi ba.

Nan take komai ya dawo mata lokaci guda. Ta ji rigarta a jiƙe sharkaf, ta ji sanyi har ƙashi, ta ji rurin ruwan kamar yanzu aka buɗe shi. Ta ji tausayin Manaja, wanda bai yi mata komai ba sai alheri. Ta ji kunyar Umma. Fiye da duka ta ji tsoro, hawaye suna zuba ba ta ma san sun fara ba.

"Ka yafe mini," ta ce wa Manaja. "Don Allah ka yafe mini."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya juya ya nufi hanyar mota a hankali.

"La ilaha illallahu," in ji Umma. "Auta, kashe ubanki za ki yi? Shi ne sakayyar?" Ta zaro waya daga jaka ta danna lambar Abba. "Wallahi ba ni zan kai masa wannan labarin ba. Ba da bakina ba. Ke kika ƙulla, ke za ki faɗa."

"Yaya, ki bari mu isa gida mana," in ji Gwaggo, wannan karon ba wasa a muryarta.

"Mu isa gida da me? Da wannan a hannunta?"

Wayar ta shiga. Umma ta tura mata ita a tafin hannu.

Auta ta kai ta kunne da hannun dama, ƙullin yana gogar kumatunta. Bahago yana tsaye can gefe da ciyawarsa a dunƙule a hannu, bai matso ba, bai tafi ba.

"Autana!" Muryar Abba ta fito da fara'a, yadda yake kiranta tun tana ƙarama. "Wace irin ƙara ce haka a bayanku? Kuna jin daɗin yawon kuwa?"

Ta haɗiye kuka, ta share fuska da bayan hannu.

"Abba, ka sha maganinka na safe?"

"Na sha mana. Lafiya?"

"To ka nemi wuri ka zauna, Abba. Ina da magana."